Muryar Ta-Kwari da Tumbin Illa

In ka taɓa shiga kasuwar Matameye ta wajen 'yan rake, to ka ga Illa, ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne gajeren nan da ke zaune bisa amalanke, hula a karkace, yana gyangyaɗi, shanunsa biyu suna kai shi inda za shi don sun fi shi sanin hanya. Shekara ashirin da 'yan kai yana ɗauko rake daga garaken kwari, wato lambunan fadama, yana kawowa kasuwa. Waɗanda suka san shi tun da can sun ce siriri ne kamar raken da yake ɗauka. Tumbin da kuke gani daga baya ya zo, kuma yana da tarihinsa. Ku gyara zama.

Allah ya yi Illa da siririyar murya, irin wadda in ya yi sallama a ƙofar gida sai matan ciki su ce, "Shigo mana, baiwar Allah." Tun yana jin haushi har ya saba. Bai taɓa zaton muryar nan za ta ciyar da shi ba.

Akwai wani ɗan gidan rediyo a garin, inda wata Madam Basira ke shirya wasan kwaikwayo duk ranar Lahadi bayan la'asar. Wata shekara ta tsara labarin wata mayya mai suna Ta-Kwari, tsohuwar da ke zaune cikin duhuwar garake tana kama kurwar mutane. Ta samu mai yin sarkin noma, ta samu mai yin boka, har mai kukan jaki ta samu. Mayya ce ta gagara. Matar farko da ta nema ta ce tana da 'yan mata uku a ɗaki da ba su yi aure ba. Ta biyu ta ce ita ƙosai take sayarwa, wa zai ci ƙosan mayya? Ta uku kuwa mayafinta kawai ta ja ta fita.

Madam Basira na zaune ta yi tagumi, sai ta ji wata tsohuwa a waje tana yi wa wani faɗa: "Kai dai ba ka da kunya! Kullum sai mun zo nan za ka tsaya?" Ta leƙa ta taga. Ba ta ga tsohuwa ba, sai Illa yana yi wa sansa magana.

Ba ta sha wuya wajen shawo kansa ba. Ta ce ba mai ganin fuskarsa, ba za a faɗi sunansa ba, kuma akwai ɗan abin goro. Illa ya ce shi sharaɗinsa ɗaya, a bar shanunsa su tsaya inuwar dalbejiyar gidan rediyon.

Abin mamaki, ashe mutumin gwani ne. Bai iya karatun boko ba, sai a faɗa masa magana sau ɗaya ya riƙe, ya ƙara mata gishiri. Shi ya ƙago dariyar Ta-Kwari, wadda ke farawa can ƙasan maƙogwaro kamar tukunya za ta tafasa, ta hau, ta hau, ta tsinke. Da aka zo wurin da mayya za ta tashi sama, ya ɗauko faifan matarsa ya kaɗa kusa da mikro, abin ɗaukar murya, sai ka ji fuka-fuki. Da aka zo wurin da za ta tauna ƙashin mutum, Madam Basira ta rasa dabara. Illa ya fita wajen amalanke, ya dawo da gaɓar rake, ya kafa mata haƙori. Madam Basira da kanta sai da ta ce a'uzubillahi.

Kafin wata biyu, daga Ɗan Barto har Icirnawa ba a zancen kowa sai Ta-Kwari. Mata kan gama aikinsu da wuri ranar Lahadi, a kewaye rediyo, ana jin tsoro ana jin daɗi. Kowa na tambaya wace tsohuwa ce wannan, ba wanda ya sani.

Asirin ya tonu ne a rumfar Sule mahauci. Illa ya je sayen ɗan naman miya, sai wani bunsuru ya tsinke igiya ya bi ta tsakanin ƙafafun mai shi, ya kayar da shi cikin kwandon tumatir. Kowa ya yi dariya, Illa ma ya yi. Sai dai bai lura ba, dariyarsa ta da ta gudu, ta Ta-Kwari ce ta zauna a wurinta. Ta taso daga ƙasan maƙogwaro, ta hau, ta hau, ta tsinke.

Duk layin mahauta ya gane dariyar. Wata mata ta ja ɗanta ta tura bayan zane.

To kun san abin da ake faɗa a kan mayu. An ce in maye ya ga abinci a hannunka ya yi sha'awa, ka hana shi, to kurwarka zai kama a madadi. Ba kowa ya yarda da wannan ba, malamai kuma sun sha yin wa'azi a kai. Sule ma in ka tambaye shi zai ce maka shi bai yarda ba. Amma ya dubi Illa, ya dubi naman, ya ce a ransa tsoka ɗaya me za ta rage shi? Ya yanko hanta mai faɗin tafin hannu ya ɗora.

"Ga gyara, Baba Illa."

Illa ya buɗe baki zai ce, ai wasa ne, rediyo ce kawai. Allah ya sani ya buɗe bakin. Sai idonsa ya faɗa kan hantar. Rabonsa da hanta tun Layya. Ya rufe bakin, ya ce, "Allah ya yi albarka."

Daga ranar duniya ta canja masa. Mai fura ta riƙa ƙara masa ludayi biyu na nono. Mai tsire kan ce ya ɗanɗana ya ji ko gishiri ya ji. In ya wuce majalisa ana cin abinci, ba a ce masa bismilla ta fatar baki, kwanon ake turo masa gaba ɗaya. A yi masa adalci, Illa bai taɓa cewa shi maye ne ba. Sai dai bai taɓa cewa ba shi ba ne. Abin da ya koya kawai shi ne ya tsaya kusa da abinci, ya dube shi, ya yi ajiyar zuciya.

Matarsa Shekara ce kaɗai ba ta ga abin dariya ba.

"Maigida, naman nan ba na Allah da Annabi ba ne."

"Na roƙa? Na ƙwata? Ba ni aka yi."

"Tsoro ne ya ba ka. Kana da 'ya a ɗaki, ka tuna."

"Ke dai zuba albasa."

Ta zuba, don ita ma tana son hanta. Amma duk lokacin da ta zuba sai ta maimaita maganar.

Haka aka yi shekara huɗu. Wuyan Illa ya cika, tumbi ya fito, Shekara ta sake wa wandunansa mazagi har sau biyu. Shanun ma sun ji a jikinsu.

'Yar da Shekara ke nufi ita ce autarsu Najaha, mai ɗinki a zauren gida, wadda Illa ke so kamar ransa. Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai suna Marwan, ɗan Yauri da ke koyarwa a Matameye, ya kawo wando a rage masa tsawo. Bayan kwana uku ya kawo wani. Da wandunansa suka ƙare ya fara kawo na abokai. Kowa ya gane, aka fara zancen aure.

Marwan maraya ne, gwaggonsa Hajiya Rahamatu ce ta rene shi, kuma a gidansu in ta yi magana an gama. Ta turo mutane Matameye su bincika asalin yarinya, kamar yadda aka saba. Suka koma suka ce yarinya ba ta da aibi, uwarta ma haka. Amma uban, ko mahauta masu wuƙa a hannu tsoronsa suke ji. Hajiya ta ce a bar maganar, ba za ta haɗa jini da mayu ba.

Labari ya iso gidan Illa. Da aka kawo tuwo, Najaha ta tsince naman da ke cikin miyarta ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a murfin kwano, ta kawo gaban ubanta ta ajiye.

"Ga naka, Baba."

Ta koma ɗaki. Illa ya daɗe yana duban naman nan. Karo na farko cikin shekara huɗu ya kasa ci.

Washegari ya je wajen Madam Basira ya ce a ba shi mikro zai wanke kansa. Aka ba shi. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce shi Illa ne mai amalanke, ba maye ba ne, wasa ne kawai. Abin da su biyun suka manta, da muryar Ta-Kwari ya yi bayanin, tunda ba shi da wata. Mutane suka ce, kun ji, yau har ta fito fili tana faɗin sunan da take yawo da shi da rana. Da ya je kasuwa, Sule ya ninka gyara.

Can Yauri kuma Marwan ya je hutu ya kwanta. Ba ya ci, ba ya magana, sai duban rufin ɗaki. Aka kai shi likita, aka duba, aka ce ba a ga komai ba. Hajiya ta ce ita ta gani: mayen ya ji haushin an ƙi 'yarsa, ya kama kurwar yaro. Maganin wannan kuwa sananne ne, sai mayen ya tsallake wanda ya kama sau uku, sannan kurwa ta koma.

Wata ranar Talata da hantsi, Illa na ɗaura wa shanu igiya, sai ga mota a ƙofar gida. Aka sauko da Marwan aka shimfiɗe shi bisa tabarma a tsakar titi. Hajiya Rahamatu ta fito, doguwa, da carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ƙugu. Kafin ta gama gyara mayafi unguwa ta cika. Har Sule ya baro rumfarsa.

"Kai ne Illa?"

"Ni ne, Hajiya. Sannu da zuwa, ku shigo daga ciki."

Da jin muryar, Hajiya ta ja da baya taki ɗaya. "La'ilaha illallahu. Ita ce. Wallahi ita ce. Ba inda za mu shiga. Ga yaro nan, ka tsallake shi ka sakar mini shi."

Wani daga bayan taro ya ɗaga murya: "Sai ya tuɓe wando, Hajiya! Da wando ba ta ci!"

Marwan, da aka ce ko hannu ba ya iya ɗagawa, ya ja hula ya rufe fuska. Wane irin abu ne wannan, mutumin da kake fatan ya zama surukinka, wanda ko ido ba ka iya haɗawa da shi, a ce zai tsallake ka ba wando?

Illa ya tsaya yana lissafi a zuci. In ya tsallake, yaro ya tashi, an tabbatar shi maye ne, aure ya mutu. In ya ƙi, za a ce maye ne mai taurin kai da ya ƙi sakin kurwa, aure ya mutu, wataƙila a haɗa masa da duka. Ya waiga ya ga Najaha a bakin zaure tana kallonsa. Ya dubi Sule. Ya san akwai hanya ɗaya, kuma ya san abin da za ta ci masa.

"Hajiya, kina jin wasan nan na Lahadi?"

"Ina ruwanka?" Ta kawar da kai. "Ban taɓa fashi ba. Ranar da kika... da ka tauna ƙashin ɗan sarkin noma, kwana uku ban ci nama ba."

"To don Allah ki juya mini baya kaɗan."

"In juya wa maye baya? Ka ga na yi kama da mahaukaciya?"

"Ga mutane sun fi ɗari. In na yi wani abu su kama ni."

Da ƙyar ta juya, tana jan carbi da sauri. Illa ya miƙa hannu cikin amalanke ya zaro gaɓar rake, ya matso daidai kunnenta, ya kafa haƙori. Ƙarass! Ya tauna, ya tsotse, ya ja numfashi ta hanci yadda yake yi a rediyo.

Hajiya ta saki salati ta yi tsalle, takalminta ɗaya ya fita. Ta juyo a shirye ta ga ƙashin mutum. Sai ta ga gajeren mutum mai tumbi, ruwan rake na bin gemunsa.

"Ƙashin ɗan sarkin noma ke nan," in ji Illa. "Daga garkar Alasan na saro shi. Na bokan da aka ci bara ma daga can ne, ya fi zaƙi."

Ya ce a miƙo masa faifai. Ya kaɗa shi, fuka-fukan Ta-Kwari suka tashi da rana tsaka a gaban kowa. Wata tsohuwa ta ce, "Faifai? Shekara huɗu faifai ne ke hana ni zuwa garka ni kaɗai?" Dariya ta fara tashi nan da can.

Sule ne bai yi dariya ba. Ya matso yana goge hannu a riga.

"Tsaya, Baba Illa. Kana nufin ba ka iya kama kurwar kowa?"

"Sule, ko kazar gidana sai Shekara ta taya ni kamawa."

"To hantar fa?"

Illa ya cire hula ya riƙe a hannu. "Na ci, Sule. Na san tsoro ne ya sa kake ba ni, na yi shiru na ci. Na ci furar Sadiyya, na ci tsiren Manu, ba wanda na bari a kasuwar nan. Ba maita ke gare ni ba, kwaɗayi ne. Ga shaidarsa nan." Ya dafa tumbi. "Ku yafe mini. Ku yi mini duk dariyar da za ku yi, amma kada a hana yarinyar nan aure saboda cikina."

Taro ya ɓarke. Sule ya riƙe kai yana cewa, "Har ƙoda! Har ƙoda na ba mutumin nan!" Sadiyya mai fura ta ce ita dama ta yi shakka, don ba ta taɓa jin mayen da ke neman a ƙara masa sukari ba.

Hajiya ta sa takalminta, ta ƙi yin dariya, ko da yake gefen bakinta na rawa.

"Na ji. To in ba kai ba ne, me ya kwantar mini da yaro?"

"Wane yaro, Hajiya?" in ji Shekara.

Aka waiga. Ashe tun ana ta rake da faifai Shekara ta tura Najaha da ƙwaryar fura. Marwan na zaune daram bisa tabarma, ya kafa kai cikin ƙwarya, ba a ganin komai sai kunnuwansa. Najaha na tsugune gefe tana duban ƙasa. Da ya ji shiru ya ɗago, fura a gashin baki, ya ga kowa shi yake kallo. Ya yi ƙoƙarin komawa ya kwanta, amma ya makara.

Hajiya ta nuna Najaha da carbi. "To ko ita ce?"

"Haba Hajiya," in ji Shekara. "Ku da kanku kuke cewa a nono ake shan abin. Ni na shayar da ita, kuma mutanenki sun bincika ni ba su samu komai ba. Shi kuwa wannan," ta nuna mijinta da haɓa, "duk girman tumbinsa bai taɓa shayar da kowa ba. Ciwon yaron nan kin san shi. Ke ma kin yi ƙuruciya."

A nan dariyar da Hajiya ke dannewa ta ƙwace. Ta yi ta har ta zauna bisa gefen amalanke tana share hawaye da mayafi. Da ta natsu ta ce wa Marwan, "Tashi, marar kunya, ka sa na ɗauko mota." Sannan ta yafito Illa, ta rage murya.

"Zan turo a yi magana. Amma ka faɗa mini abu ɗaya tsakaninka da Allah. Ran Lahadi mai zuwa, Ta-Kwari za ta kama amaryar nan ta cikin wasan ko za ta tsira?"

"Hajiya, wannan sirrin aiki ne."

"Au, haka ne? Direba, tayar da mota."

"Za ta tsira! Za ta tsira, rijiya za ta faɗa amma za a ciro ta!"

An ɗaura aure bayan kaka. Sule ne ya yanka ragon walima, ya kuma tsaya da kansa ya ga an ba uban amarya wuya da ƙafa. Har yau in Illa ya je rumfarsa, sai Sule ya auna masa daidai, ya ɗauko wani guntun jijiya ya ɗora, ya ce da ƙarfi yadda layi duka zai ji, "Ga gyara, Ta-Kwari." Mai fura ta koma ludayi ɗaya. Illa ya gwada ajiyar zuciyarsa sau ɗaya a gaban mai tsire, aka tambaye shi ko mura ke damunsa.

Wasan bai mutu ba, masu saurare ma ƙaruwa suka yi. Tumbin ne ke sauka sannu a hankali, Shekara ta riga ta rage mazagi sau ɗaya, tana jiran na biyu. Can Yauri kuma, in ji Najaha, duk Lahadi bayan la'asar Hajiya Rahamatu kan sa a sayo mata rake ta ajiye kusa da rediyo. Da Ta-Kwari ta kama ƙashi, sai ita ma ta kafa wa nata haƙori, su yi ta taunawa tare.